Cacar ficewar Amurka daga NATO a 2025: abin da farashin Polymarket ya auna da abin da bai auna ba

A ranar 28 ga Fabrairun 2025 aka yi sa-in-sa tsakanin Shugaba Donald Trump da Volodymyr Zelensky na Yukren a Fadar White House, a gaban 'yan jarida. Ba a yi kwana uku ba sai Elon Musk, wanda a lokacin yake cikin na hannun daman Trump, ya nuna a shafinsa na X cewa yana goyon bayan Amurka ta fice daga ƙungiyar tsaro ta NATO. Maganar ba sabuwa ba ce. Tun Janairun 2019 jaridar New York Times ta ruwaito cewa Trump ya sha tayar da zancen ficewa a asirce cikin 2018. A Fabrairun 2024 kuma, a wani gangami a jihar South Carolina, ya ce ƙasar da ba ta kashe kuɗin tsaron da ya kamata ba zai kare ta ba, zai ma ƙarfafa wa Rasha gwiwa ta yi mata yadda ta ga dama.

A cikin wannan yanayi Polymarket, dandalin intanet da ake sa kuɗi a kan ko wani abu zai faru ko ba zai faru ba, ya riƙa buɗe tambaya ɗaya da wa'adi daban-daban, har da wa'adin 31 ga Disambar 2025: shin Amurka za ta fice daga NATO? Mutane suka zuba kuɗi, farashi ya riƙa motsi, masu sharhi kuma suka riƙa ɗaukar farashin suna cewa "kasuwa ta ce yiwuwar ficewa kashi kaza ce cikin ɗari". Wannan jimla ita ce abin dubawa a nan, domin kusan kowace kalma a cikinta tana da gyara.

Hukuncin harkar a wurin Musulmi ba ɓoyayye ba ne. Kuɗi ne ake sawa a kan abin da ba a san faruwarsa ba, wanda ya ci ya kwashe na wanda ya faɗi, kuma siffar caca ke nan. Amfanin sanin yadda take aiki shi ne alƙalumanta sun riga sun shiga labaran duniya, ana karanto su kamar sakamakon bincike, don haka mai sauraro yana bukatar ya san daga inda suka fito.

Yadda ake cinikin

Shayne Coplan ne ya kafa Polymarket a 2020. Ba ya aiki kamar shagon cacar ƙwallo, inda kamfani ke yanka farashi kuma shi ne abokin karawar kowa. A nan masu ciniki ne ke karawa da junansu. A 2025 ana zuba dala ɗaya ta USDC, kuɗin kirifto da aka ɗaure darajarsa da dalar Amurka, sai tsarin ya raba ta tikiti biyu, ɗaya "Eh" ɗaya "A'a". Ranar da aka yanke hukunci, tikitin da ya yi daidai zai koma dala ɗaya cif, ɗayan kuma ya tashi a banza. Kafin ranar kowa na iya sayar da nasa. Saboda tikitin biyu dala ɗaya ce aka raba, farashinsu idan an haɗa yana komawa kusan santi 100: in "Eh" na santi 6, "A'a" na wajen santi 94. Wannan 6 ɗin ne ake karantawa a matsayin kashi 6 cikin ɗari.

Lambar da ke bayyana a allo ba farashin da wani ya biya ba ne a kodayaushe. Tsakiya ce tsakanin tayi mafi tsada na mai saye da farashi mafi araha na mai sayarwa, sai idan ratar ta wuce santi 10, a nan ne ake nuna farashin cinikin ƙarshe. Ana iya samun lamba a allo alhali babu wanda ya sallama ko tikiti ɗaya a kanta.

Abin da sharaɗin ya ce

Kan tambayar gajere ne, amma ba shi ne alƙawarin ba. Alƙawarin yana cikin sharuɗɗan da ke ƙasa, waɗanda yawancin masu yaɗa hoton allo ba sa karantawa. A wannan kasuwa ma'anarsu ita ce: "Eh" zai ci idan Amurka ta fara ficewa a hukumance, ko ta miƙa sanarwar janyewa kamar yadda sashe na 13 na yarjejeniyar NATO ya tanada, kafin wa'adi ya cika. Ko da kotu ta dakatar da matakin daga baya, ya ƙirgu. Ficewa daga rundunar haɗin gwiwa ta ƙungiyar kaɗai ba ta isa ba.

Sashe na 13 ɗin jimla ɗaya ce. An sa hannu a yarjejeniyar a Washington ranar 4 ga Afrilun 1949, ƙasashe 12, ta fara aiki ranar 24 ga Agusta na wannan shekarar. Sashen ya ce bayan yarjejeniyar ta yi shekara 20 tana aiki, duk ƙasar da ke so tana iya daina zama mamba shekara ɗaya bayan ta miƙa sanarwa ga gwamnatin Amurka, ita kuma ta sanar da sauran. Abu biyu ke fitowa daga nan. Na farko, tsakanin sanarwa da ficewa akwai wata 12, don haka duk kasuwar da wa'adinta bai kai shekara ba, ba ficewa take aunawa ba, takarda take aunawa. Da sharaɗin ya ce sai an kammala fita, da farashin "Eh" a kasuwar Disamba ya zama sifili tun ranar 1 ga Janairu. Na biyu, Amurka ce ma'ajiyar yarjejeniyar. In ita ce za ta fita, kanta za ta miƙa wa takardar, kuma shaidar da masu ciniki za su nema ita ce wasiƙar da Ma'aikatar Harkokin Wajenta za ta rarraba wa sauran ƙasashe 31.

Dalilin da ya sa aka cire ficewa daga rundunar haɗin gwiwa yana cikin tarihi. A 1966 Charles de Gaulle ya janye Faransa daga tsarin kwamandojin NATO, ya ce sojojin waje su kwashe nasu ya nasu daga ƙasarsa. Hedikwatar siyasa ta tashi daga Paris ta koma Brussels, ta soja ta koma kusa da Mons a Beljiyam a 1967. A idon mai kallo babu ficewar da ta fi wannan. Amma Faransa ba ta taɓa sashe na 13 ba, ta ci gaba da zama mamba, kuma sai 2009, zamanin Nicolas Sarkozy, ta koma cikin rundunar. Girka ta yi irin wannan a Agustan 1974 bayan Turkiyya ta shiga Cyprus, ta dawo a 1980. Da akwai wannan kasuwa a waɗancan shekaru, masu "A'a" ne za su ci duka biyun.

Daga 1969, lokacin da ƙofar fita ta buɗe, zuwa ƙarshen 2025 babu ƙasa ko ɗaya da ta miƙa sanarwar. In aka ɗauki kowace shekara ta kowace ƙasa a matsayin dama ɗaya, damar ta wuce dubu, kuma ba a yi amfani da ko ɗaya ba. Ƙungiyar ƙaruwa ta yi: Finland ta shiga a Afrilun 2023, Sweden a Maris ɗin 2024, mambobi suka zama 32.

Dokar da ta ɗaure hannun shugaban ƙasa, da inda ɗaurin ya yi sako-sako

A Disambar 2023 Joe Biden ya sa hannu a dokar kasafin tsaro ta shekarar kuɗi ta 2024. Sashe na 1250A na dokar ya hana shugaban ƙasa dakatarwa ko janye Amurka daga yarjejeniyar NATO sai da amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa, ko da doka daga majalisun biyu. Ya hana kashe kuɗin gwamnati a kan hakan, ya kuma bukaci a sanar da kwamitocin majalisa kwana 180 kafin ɗaukar matakin. Sanatocin da suka jagoranci wannan sashe su ne Tim Kaine da Marco Rubio. A Janairun 2025 Rubio ya zama Sakataren Harkokin Waje, wato shugaban ma'aikatar da za ta rubuta takardar ficewa kuma ta karɓe ta.

Mai sayen "A'a" yana ganin wannan doka sai hankalinsa ya kwanta. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Tsarin mulkin Amurka ya faɗi yadda ake ƙulla yarjejeniya, bai faɗi yadda ake warware ta ba. Da Jimmy Carter ya soke yarjejeniyar tsaro da Taiwan, Sanata Barry Goldwater da wasu suka kai ƙara, amma a Disambar 1979 Kotun Ƙoli ta kori ƙarar ba tare da ta taɓa ainihin tambayar ba, alƙalai huɗu suna cewa lamari ne na siyasa. Kafin shiga 2020 majalisa ta riga ta sa doka cewa sai an ba ta sanarwar kwana 120 kafin a miƙa takardar fita daga yarjejeniyar Open Skies, wadda ta ba ƙasashe damar shawagin sa ido a samaniyar juna. Gwamnatin Trump ta miƙa takardar a watan Mayu ba tare da ta jira ba, lauyoyin Ma'aikatar Shari'a suka rubuta cewa ikon na shugaban ƙasa ne shi kaɗai, kuma Amurka ta fita a Nuwamba.

A nan sharaɗin nan na "ko da kotu ta dakatar" yake da nauyi. Dokar 2023 ta rage yiwuwar Amurka ta fita da gaske sosai, domin za a yi shari'a, kuma shekara ɗayan jira za ta ba majalisa lokaci. Amma ba ta rage yiwuwar a miƙa takardar daidai haka ba. Shugaban da ke son matsa wa Turai lamba yana iya miƙa sanarwa a matsayin barazana, ya janye ta bayan wata biyar in ya sami abin da yake so. NATO ba ta rasa mamba ba, amma masu "Eh" sun karɓi dalarsu. Kasuwar ke nan ta fi ficewar gaske faɗi ta wannan gefen.

Ta ɗaya gefen kuma ta fi ta ƙunci, kuma wannan ne ya fi damun wanda tsaron Turai ya dama. Sashe na 5, wanda ya ce hari a kan ɗaya hari ne a kan kowa, bai tilasta wa kowa tura soja ba. Ya ce kowace ƙasa za ta ɗauki matakin da ita ta ga ya dace, har da amfani da ƙarfi. Sau ɗaya aka taɓa aiki da shi, bayan harin 11 ga Satumbar 2001. Shugaban Amurka yana iya rage sojojinsa a Turai, ya ƙi naɗa babban kwamandan ƙawancen, kujerar da tun Dwight Eisenhower Ba'amurke ne ke kanta, ko ya furta a fili cewa ba zai kare wata ƙasa ba. Kowanne daga cikin waɗannan zai iya raunana NATO fiye da takarda, kuma babu ɗaya da zai motsa hukuncin kasuwar. A Oktoban 2025 Amurka ta sanar da janye wata birged daga gabashin Turai, musamman Romaniya. Ga mai tikitin "Eh" wannan ba komai ba ne.

Mutanen yankinmu sun ga wannan rata tsakanin furuci da doka da idonsu. Ranar 28 ga Janairun 2024 Nijar da Mali da Burkina Faso suka sanar a talabijin cewa sun fice daga ECOWAS nan take. Ƙungiyar ta ce sashe na 91 na yarjejeniyarta ya bukaci shekara ɗaya, don haka ficewar ba ta tabbata ba sai 29 ga Janairun 2025, sannan aka bar ƙofa a buɗe na ƙarin wata shida. Ranaku uku ke nan ga al'amari ɗaya, kuma wanda ya sa kuɗi a kan "kafin ƙarshen 2024" cinsa ko faɗuwarsa ya rataya ne a kan wacce aka rubuta a sharaɗi. Armeniya ta fi haka rikitarwa. A Fabrairun 2024 Firaminista Nikol Pashinyan ya ce ƙasarsa ta jingine shiga harkokin CSTO, ƙawancen tsaron da Rasha ke jagoranta, ta daina biyan kuɗin mamba, ta daina zuwa taro, amma har ƙarshen 2025 sunanta na cikin jerin mambobi.

Lissafin da ke cikin farashi

Ko da an yarda da abin da ake aunawa, lambar kanta ba zallar yiwuwa ba ce. Misali da alƙaluman da aka ƙaddara don bayani: a ce saura wata takwas wa'adi ya cika, "A'a" yana santi 94. Mutum ya sayi tikiti 1,000 a kan dala 940. In ba a miƙa takarda ba zai karɓi dala 1,000, ribarsa dala 60, wato kashi 6.4 cikin ɗari a wata takwas, kusan kashi 9.6 a shekara. A 2025 takardun bashin gwamnatin Amurka na gajeren wa'adi suna ba da wajen kashi 4 a shekara, ba tare da fargabar komai ba, wato kusan kashi 2.7 a wata takwas. Don haka ko da mutum ya tabbata ɗari bisa ɗari cewa Amurka ba za ta fita ba, ba shi da dalilin sayen "A'a" sama da santi 97 da ɗoriya, domin daga nan gara ya ajiye kuɗinsa a can. Sakamakon shi ne "Eh" zai tsaya a wajen santi 2 da rabi ko da yiwuwar sifili ce. Cikin santi 6 na misalin, kusan rabi kuɗin jira ne kawai.

Wannan ne ya sa farashin "Eh" a irin wannan kasuwa yake zaizayewa a hankali yayin da wa'adi ke matsowa, ko da babu labarin da ya canza. Wanda bai sani ba zai ce hankali ya kwanta a Turai, alhali kwanaki ne kawai suka ragu. Haka kuma ba a kwatanta farashin kasuwar Yuni da ta Disamba kai tsaye.

Akwai wani abin da masu nazarin caca suka daɗe da lura da shi, tun daga tseren dawaki: mutane suna biyan fiye da ƙima a kan abin da zai yi wuya ya faru, saboda ɗan kuɗi kaɗan yana iya ninkawa. Dala 60 a santi 6 tana komawa dala 1,000. Wasu kuma ba don sun yi imani suke saye ba. Suna jiran Trump ya yi wata magana a taron ƙoli, farashi ya tashi daga 6 zuwa 11, su sayar su fita. Cinikin hayaniya suke yi, sashe na 13 bai dame su ba.

Mai "A'a" shi ma yana da nasa ramin. Ribar dala 60 a kan uwar kuɗi dala 940 tana nufin faɗuwa ɗaya tak za ta cinye ribar ci kusan 16. Masu tsintar irin waɗannan ƙananan ribobi a kasuwanni da yawa suna ganin kuɗi na shigowa wata bayan wata, har su ɗauka albashi ne, kallon kitse suke wa rogo. Mafi muni, kasuwannin ba su rabu da juna ba. Ranar da Amurka za ta miƙa takardar NATO, ranar ce kasuwannin Yukren da harajin kaya da sauran su za su juye tare.

Sai zurfin kasuwa. A ce a jerin masu sayar da "Eh" akwai tikiti 2,000 a santi 6, da 3,000 a santi 7, da 5,000 a santi 9. Mai son tikiti 10,000 zai biya dala 120 da 210 da 450, jimilla dala 780, matsakaici santi 7.8. Da dala 780 ya ɗaga farashi daga 6 zuwa wajen 9, kuma za a sami mai rubuta cewa yiwuwar ficewar Amurka ta ƙaru da rabi cikin sa'a ɗaya. Adadin cinikin da ake nunawa a saman shafi ba ya warware wannan, domin jimillar saye da sayarwa ce tun buɗe kasuwa, kuma dala ɗaya tana iya juyawa sau da yawa. Abin dubawa shi ne nawa ke ajiye a jerin tayi a daidai lokacin, da kuma faɗin ratar da ke tsakanin mai saye da mai sayarwa.

Wa ke yanke hukunci

Polymarket ba shi da alƙali na kansa a yawancin kasuwanninsa na duniya. Yana dogara da wani tsari mai suna UMA. Idan lokaci ya yi, wani zai gabatar da amsa ya ajiye jingina, yawanci dala 750. Ana jira sa'a biyu. In babu wanda ya ja, amsar ta zauna, a mayar masa da jinginarsa da ɗan lada. In wani ya ja, shi ma sai ya ajiye daidai wannan kuɗi. In jayayya ta maimaitu, maganar tana zuwa gaban masu riƙe da kuɗin kirifto na UMA, su kaɗa ƙuri'a a asirce sannan su bayyana, abin da ke ɗaukar wajen kwana biyu. Nauyin ƙuri'ar mutum daidai yake da yawan kuɗin da ya ajiye. Wanda ƙuri'arsa ta saɓa wa rinjaye ana yanke masa wani abu daga ajiyarsa.

Wannan tarar ita ce lagon tsarin. Mai ƙuri'a ba a kan gaskiya ake ba shi lada ba, a kan dacewa da rinjaye ne. In al'amari a fili yake, gaskiya da rinjaye abu ɗaya ne. In akwai shubuha, kowa zai koma kallon inda manyan masu kuɗi suka karkata. Kuma babu abin da ya hana mai ƙuri'a ya kasance yana riƙe da tikiti a kasuwar da yake yi wa hukunci.

An ga hakan sau biyu a 2025 a kasuwannin da ke maƙwabtaka da wannan. A Maris, wata kasuwa ta kusan dala miliyan 7 a kan ko Yukren za ta amince da yarjejeniyar ma'adinai da Trump kafin Afrilu ta ƙare da "Eh", alhali ba a sa hannu ba sai 30 ga Afrilu. An gano cewa mutum ɗaya ya riƙe kusan rubu'in ƙuri'un. Kamfanin ya amsa cewa an yanke hukuncin kafin lokaci, amma bai mayar wa kowa kuɗi ba. A Yuni kuma, a taron ƙolin NATO na birnin Hague, Zelensky ya sa baƙar riga mai wuyan kwat da wando mai dacewa da ita. Jaridu da yawa suka kira ta kwat. Kasuwar da ta tambayi ko zai sa kwat kafin Yuli, wadda cinikinta ya wuce dala miliyan 150, ta ƙare da "A'a" bayan kwanaki ana taƙaddama.

In kalmar "kwat" ta jawo wannan, to "fara ficewa a hukumance" fa? Umarnin shugaban ƙasa da ya ce a shirya takarda, ya ƙirgu? Sanarwar kwana 180 ga majalisa, fara ficewa ce ko shawara? Rubutu a Truth Social, dandalin sada zumunta na Trump, cewa "mun fita"? Ƙudurin da ɗan majalisa ya gabatar, kamar wanda Sanata Mike Lee ya kawo a Yunin 2025 yana neman a janye Amurka, a fili yake bai ƙirgu ba, tunda gabatarwa ba doka ba ce. Amma ukun farko kowanne zai iya kaiwa ga ƙuri'a, kuma a ranar mai tikiti ba a kan Trump ko Rubio ya sa kuɗinsa ba, a kan 'yan tsirarun masu riƙe da UMA ne. Masu ciniki da suka san aikin suna cire wani abu daga farashin da za su biya saboda wannan haɗari, shi ma ya shiga cikin lambar da ke allo.

Ga wanda hukunci ya cuta, wurin kai kuka kaɗan ne. A Janairun 2022 hukumar CFTC ta Amurka, mai sa ido a kan irin waɗannan kasuwanni, ta ci Polymarket tarar dala miliyan 1.4 saboda gudanar da kasuwanni ba rajista, aka rufe wa mazauna Amurka ƙofa, kuma babban dandalin ya ci gaba da aiki daga waje. A 2025 kamfanin ya sayi QCEX, wata kasuwa mai lasisin hukumar, a kan dala miliyan 112 don ya koma Amurka ta hanyar doka, kamfanin da ke da kasuwar hannun jari ta New York kuma ya sanar da zuba jari har dala biliyan 2. Kalshi, babban abokin gasarsa, yana ƙarƙashin CFTC tun asali kuma shi ke yanke hukuncin kasuwanninsa. Dokokin hukumar sun hana kwangilar da ta shafi yaƙi ko ta'addanci ko kisan gilla, sai dai ficewa daga yarjejeniya mataki ne na diflomasiyya, shi ya sa irin wannan tambaya take zaune a bakin iyaka.

Saura batun masu labarin ciki. Takardar ficewa ba ta rubuta kanta. Lauyoyi da jami'an diflomasiyya da ma'aikatan fadar shugaban ƙasa za su gan ta kwanaki kafin duniya ta ji, kuma tikitin santi 5 yana ninkawa sau 20. A farkon Janairun 2026, sa'o'i kafin sojojin Amurka su kama Nicolás Maduro na Venezuela, wani sabon asusu ya sa dala dubu talatin da wani abu a kan faɗuwarsa, ya tashi da ribar kusan dala 400,000. Masu kare waɗannan kasuwanni suna cewa haka ne bayani ke shiga farashi. Gaskiya ne yana shiga. Amma idan sirrin tsaron ƙasashe 32 ne ke fita ta wannan hanya, kuma jami'in da ke ba da shawara yana da riba a gefe ɗaya na shawarar, ɓarnar ta fi ƙarfin amfanin.

Yadda ta ƙare

Taron Hague na 24 da 25 ga Yunin 2025 ya cire wa masu "Eh" babban dalilinsu. Shugabannin suka amince da kashe kashi 5 cikin ɗari na arzikin ƙasa a kan tsaro kafin 2035, kashi 3.5 ga soja kai tsaye, 1.5 ga abubuwan da suka danganci tsaro, maimakon kashi 2 da aka tsayar a Wales a 2014. Trump ya sami abin da ya daɗe yana nema, ya bar taron yana yabon ƙawancen. A watan Yuli wani Ba'amurke, Janar Alexus Grynkewich, ya karɓi kujerar babban kwamanda. Wa'adin 31 ga Disamba ya cika ba a miƙa takarda ba, tikitin "A'a" ya koma dala ɗaya, aka buɗe sabuwar kasuwa da sabon wa'adi.

Ba a yi mako ɗaya ba sai zancen Greenland ya sake tashi, Trump yana cewa Amurka na bukatar tsibirin, wanda yanki ne na masarautar Denmark. Firaminista Mette Frederiksen ta ce in Amurka ta kai wa wata ƙasar NATO hari, komai ya tsaya, har da NATO ɗin kanta. Yarjejeniyar 1949 ba ta da sashen korar mamba ko dakatar da shi. Da hakan ta faru, Amurka za ta ci gaba da zama mamba a takarda, kuma muddin Ma'aikatar Harkokin Waje ba ta rarraba wasiƙar sashe na 13 ba, masu "A'a" ne za a biya.